Kujerar Alhaji Mumuni

Shanu ne suka fara jin jirgin. Suka ɗaga kai daga kiwo a bakin filin sauka na Ƙonni, suka tsaya cak da ciyawa a baki, sannan ƙarar ta iso kunnen mutane, can ƙasa-ƙasa daga yamma, kamar hadarin da bai gama shawara ba. Mai kalangu ya gyara ratayarsa. Mata suka miƙe suna kakkaɓe zannuwa. Rabin garin Tsarnawa ne ya yo rakiya, wasu a amalanke, wasu bisa jakuna, mafi yawa a ƙafa, domin tun da aka kafa garin ba a taɓa samun ɗansa da ya hau sama ba. Alhazan garin ma ta ƙasa suka bi, suka shekara a hanya.

Iliyasu na tsaye a tsakiyarsu da farar riga da wandon kaki, jaka guda a hannu. Kowa na son ya taɓa shi. Tsofaffi suna dafa masa kai, 'yan mata suna leƙensa ta bayan iyayensu, abokan da ya bari a gona lokacin da aka kai shi lakwal, makarantar boko, suna tambayarsa ko daga can sama zai iya gane gonar wane da ta wane. Yana murmushi yana amsawa. Amma shi kaɗai ya san irin tikitin da ke aljihunsa.

Aiki ya samu. Wani sabon kamfanin haƙar ma'adinai can bayan Agadas yana neman matasan da suka gama kwaleji, aka ɗauke shi, aka ce ya bayyana kafin wata ya ƙare, in ba haka ba a ba wani. Ga shi damina ta yi tsakiya. Daga Tawa zuwa arewa koramu sun yanke hanya, manyan motoci na jibge a bakin ruwa suna jiran ya janye, ba wanda ya san ranar. Jirgi ne kawai, wanda ke tasowa daga Yamai kowace Alhamis, ya taɓa ƙasa a Ƙonni, ya wuce Tawa da Agadas.

Mushe Bubakar, wato Malam Bubakar a bakin Faransa, wakilin kamfanin jirgin, wani siririn Bazabarme mai son raha, shi ya zaunar da shi a buro, wato ofishinsa, ya yi masa bayani. Tikiti iri uku ne. Akwai babba: kujera taka ce, kaya yadda kake so, a kawo maka abinci a sama, in ka makara ka dawo wani mako, ba mai ce maka uffan. Akwai na tsakiya: ranar da aka sa maka ita ce ranarka, ka kuskure ta ka yi asara. Sai ƙaramin, na rabin kuɗi, wanda aka yi don matasa. Shi ba shi da kujera. Za ka zo ka tsaya a gindin tsani, in wani mai kujera bai zo ba, ka shiga ka zauna a wurinsa. Jaka ɗaya, wadda za ta zauna a cinya. Ba abinci, ba mayar da kuɗi, kuma ƙarshen wata ya mutu.

"Mu a nan muna ce masa tikitin in-Allah-ya-yarda," in ji Mushe Bubakar.

Kuɗin maraƙin da aka sayar iyakar inda suka kai ke nan, Iliyasu ya saya. Da ya koma gida ya ce wa mahaifinsa, Abarshi, ya samu tikiti, Alhamis ne. Akwatin ƙarfen da uwarsa Zara ta cika masa da kilishi da dawo da bargo ya ce a bar shi, dokar jirgi ce. Sauran bayanin ya haɗiye shi, yana cewa a ransa abu mai girman jirgi ai ba zai rasa wurin mutum ɗaya ba.

Jirgin ya sauko, ya taɓa jar ƙasa, ya watsa ruwan da ya kwanta, ya zo ya tsaya yana huci. Guɗa ta tashi. Aka jingina tsani, aka buɗe ƙofa, aka jefo buhun wasiƙu. Ba wanda ya sauko. Wasu ma'aikata masu jakunkunan fata suka hau ba tare da sun dubi kowa ba. Mushe Bubakar ya bi su, ya leƙa ciki, ya daɗe, ya sauko yana kallon takalmansa.

Ya ce babu wuri.

Abarshi bai gane ba, ko kuma bai yarda ya gane ba. Tsohon ɗan kokowa ne mai faɗin ƙirji, ya yi cirani har Kumasi a bayan manyan motoci, kuma a duk yawonsa bai taɓa ganin motar da ta cika ba. Ya ce a matsa. Ya ce yaron ba shi da jiki, gefen kujera ma ya ishe shi. Aka ce ba a yin haka. Ya ce to ya zauna bisa kaya, ko a ƙasa tsakanin ƙafafu, ko kusa da direba, ko a tsaye ma bai ƙi ba. Mushe Bubakar ya yi ta bayani cikin Hausarsa mai gishirin Zabarmanci, kowane mutum da kujerarsa da ɗamararsa, har ya kai ga irin tikitin. A nan ne Abarshi ya juyo ya dubi ɗansa. Kallo ɗaya. 

Jirgin ya tafi. Mai kalangu ya bi shi da kiɗa kaɗan, don bai san abin da ya kamata ba, sannan ya daina.

Ba wanda ya motsa, kuma kowa ya san dalili. Da safen nan Zara ta zuba ruwa a bakin ƙofa Iliyasu ya tsallaka, ta ɗebi ƙasar sawunsa ta ƙulle a tsumma. Liman ya shafa fatiha. An yafi juna. Wanda aka yi wa haka ba ya sake shiga gida sai ya je inda za shi ya dawo; ko hula ya manta, ta kan danga ake miƙo masa. In ya koma, tafiyar ta karye, abin da ya je nema ba zai zauna a hannunsa ba.

Abarshi ya gyara babbar rigarsa, ya fuskanci jama'a.

"Mun yi rakiya," ya ce. "Mun yi sallama. Iliyasu ya tafi. Allah ya sauke shi lafiya."

 Sai wata tsohuwa ta ce amin, sauran suka karɓa. Suka juya suka kama hanyar Tsarnawa, ba mai waiwaye, har Zara, wadda ta bi ta gabansa kusa har bakin mayafinta ya shafi jakarsa. Mutum ɗaya ya rage, Bawa mai gyaran keke, aminin Abarshi da ke zaune a Ƙonni. Ya karɓi jakar ya ɗaure a bayan kekensa.

"Araha ba ta ado," ya ce. "Taho, matafiyi. Agadas ɗin tana nan bayan kasuwa."

Haka Iliyasu ya zama mutumin da ba ya nan. Yana kwana a rumfar Bawa tsakanin tayoyi da sarƙoƙi, da rana yana riƙe masa keke in zai ɗaure birki. Ranar Laraba, kasuwar Ƙonni, mutanen Tsarnawa suka riƙa biyowa ɗaya bayan ɗaya. Su gai da Bawa, su tambayi aiki, sannan su ce ko an ji labarin Iliyasu, ya sauka lafiya? Bawa ya ce yana hanya. Su ce Allah sarki, Agadas da nisa, su ajiye ƙullin gyaɗa ko ƙwan zabi a bisa benci, dab da gwiwar Iliyasu, su tafi. Zara kan aiko wa Bawa da fura cikin ƙwaryar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Wani abokinsa ya tsaya ya daɗe yana ba Bawa labarin yadda Iliyasu ke can yana cin abinci da cokali tare da Nasara, har ya fara mance Hausa. Kafaɗunsa na rawa don dariya, idonsa a kan taya.

Da farko abin ya ba shi haushi. Daga baya haushin ya koma wani abu mai nauyi. Gari guda ya haɗa baki ya rufa masa asiri, shi da ya yi musu ƙarya da shiru, kuma kowane ƙwai da aka ajiye ƙarin kaya ne a kansa. Da la'asar yakan taka har bakin filin, ya tsaya inda tsani ke tsayawa, ya dubi sama. Babu komai sai shamuwa.

Alhamis ta biyu shi da Bawa kawai suka je. Sojoji ne cike da jirgin har bakin ƙofa. Da suka dawo suka tarar da wansa Rabilu zaune a rumfar yana wasa da ƙararrawar keke. Ya gaya wa Bawa, da muryar da ta fi buƙata ƙarfi, cewa matarsa ta sauka da asuba, namiji, kuma in akwai mai zuwa Agadas a shaida wa ƙanensa ya zama baba. Iliyasu ya juya yana yi wa bango murmushi. Jikan Abarshi na fari ke nan. Sunansa kuwa an san shi tun kafin a yi cikinsa: Ishaku, sunan mahaifin Abarshi, wanda ya hana kowa a dangi ya sa, yana ajiye da shi don wannan rana. Rabilu ya ce matan gida har sun fara kiran jaririn Maigida.

Saura Alhamis ɗaya a watan.

Laraba da hantsi Mushe Bubakar ya aiko aka kira shi. An yi magana da Yamai ta wayar iska. Jirgin gobe a cike zai taso, kujera ɗaya aka bar wa Ƙonni, ita ma da mai ita: Alhaji Mumuni na Dogarawa, babban tikiti. Ba sai an faɗa ba ma. Tun safe maroƙin Alhajin ke zagaya kasuwa yana shelar cewa gobe mai raƙuma zai tashi sama ya je Agadas ya duba raƙumansa, ƙasa ta yi masa kaɗan. Mushe Bubakar ya ce ya yi haƙuri. Wannan karon bai yi raha ba.

Iliyasu ya koma rumfa ya tarar da mahaifinsa. Abarshi na zaune bisa benci, ya ba ƙofa baya. Bai taɓa zuwa ba tun ranar rakiya. Iliyasu ya raɓa ya zauna a kusurwa, ya gaya wa Bawa abin da aka ce, Bawa ya maimaita wa Abarshi kalma da kalma, ko da yake gwiwoyinsu su ukun na kusan taɓa juna.

Bawa ya ce abin ai mai sauƙi ne. Alhaji na cikin kasuwa yanzu haka. Tikitinsa ba ya mutuwa, wani mako ma zai iya tafiya, raƙuma ba gudu za su yi ba. A je a roƙe shi.

"A roƙi wa?" in ji Abarshi.

Bawa ya san amsar, don yana wurin ranar da abin ya faro. Suna samari, a dandalin Dogarawa, Abarshi ya ɗaga Mumuni ya buga da ƙasa a gaban 'yan matan garinsu. Mumuni ya ce santsi ne. Shekaru suka wuce, ya yi raƙuma, ya yi Makka, ya yi mota, amma bai manta ba, har ya taɓa faɗa a cikin taro cewa wanda ya kayar da shi da ƙarfi wata rana zai zo ya durƙusa masa da baki. Maganar ta kai Tsarnawa kafin a tashi daga taron. Tun daga nan ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Ɗanka ne fa," Bawa ya ce.

"Ɗana yana Agadas."

Abarshi ya ɗauki wata sarƙar keke yana juya ta a hannu. Can ya ce wa Bawa ya tambayi duk wani mai karatu da ke kusa: in mai babban tikiti bai iso ba har jirgi ya sauka, jiransa ake yi? Iliyasu ya gaya wa bango cewa ba a jira. Mai tuƙin ko inji ba ya kashewa. In an gama ɗaukar wasiƙu, wanda ke gindin tsani shi ke shiga.

"Ko alhaji ne?"

"Ko kwamanda ne, Baba," in ji Iliyasu, ya manta da bangon.

Abarshi ya yi kamar bai ji daga inda amsar ta fito ba. Ya tambayi Bawa inda Alhajin zai kwana. Bawa ya ce a Dogarawa mana, sai ya yi sallama da iyali.

"Daga Dogarawa zuwa Ƙonni hanya nawa ce?"

"Ɗaya ce. Ta ƙofar gidanka take bi."

Abarshi ya ajiye sarƙar. Ya miƙe, ya yi miƙa har kafaɗunsa suka yi ƙara. A fuskarsa akwai wani haske da Iliyasu bai taɓa gani ba, amma Bawa ya gane shi, don ya ce, "Kai, Abarshi, mun tsufa fa." Suka fita tare suna magana ƙasa-ƙasa. Da Bawa ya dawo sai kaɗa kai yake yana dariya shi kaɗai, can kuma ya daina dariyar. Iliyasu ya tambaye shi ko itace za a gicciya a hanya, in haka ne jandarma za su kwashe garin. Bawa ya ce shi dai ya wanke rigarsa.

Gari ya waye da sanyin ruwan da aka yi. Farar Pijo ta Alhaji Mumuni ta shigo Tsarnawa rana na fitowa, tana kauce wa kududdufai, maroƙi a gaba kusa da direba, Alhaji a baya da rawani da agogon hannu. A tsakiyar hanya mutum na tsaye, da babbar rigar Sallah, da ƙwaryar goro. Direba ya yi ta danna oda. Mutumin bai gusa ba. Abarshi ne.

Alhaji ya sauke gilashi. Suka dubi juna.

"Salamu alaikum, Alhaji. An tashi lafiya?"

Mutanen da ke zaune a tabarmi ƙofar gidan Abarshi suka zubo ido. Alhaji ya amsa a hankali, kamar mai taɓa ruwa ya ji zafinsa. Abarshi ya miƙa goron ta taga. Ya ce yau suna ne a gidansa, jikansa na fari, kuma sunan Alhaji za a sa masa. Bai kamata a raɗa wa yaro suna alhali mai sunan na wucewa ta ƙofa ba.

Rabilu, da ke tsaye bakin zaure, ya sunkuyar da kai. Jiya da magariba aka gaya masa. Sunan ɗan fari kaka ke zaɓa, ba shi da ta cewa. Daga cikin gida aka ji wata tsohuwa ta ce, "To, Ishakun fa?" aka yi maza aka rufe mata baki.

Alhaji ya dubi agogo, ya dubi goron, ya dubi taron. Mutum na iya ƙin abinci, yana iya ƙin kyauta. Takwara ba a ƙin sa, balle a gaban maroƙinka, wanda tuni ya fice daga motar yana ihun cewa yau dutse ya zo gai da dutse. Alhaji ya buɗe ƙofa. Ya ce zai taɓa ƙasa na ɗan lokaci, jirgi na jiransa.

"Yanzun nan za a gama," in ji Abarshi.

Aka shimfiɗa masa darduma jikin bango. Tun jiya kowa a garin ya karɓi aikinsa, har ana faɗa kan wanda aka bari ba a ba shi komai ba, kuma ba wanda ya ambaci dalili, tunda Iliyasu ai yana Agadas. Liman bai iso ba. An ce ya je duba gonarsa da ruwa ya shiga. Aka tura a kira shi, aka tura wanda zai kira ɗan aiken. Da ya iso sai da ya sake alwala. Ya zauna, ya gai da Alhaji, ya tambayi lafiyar Dogarawa gida-gida. Sannan ya ce ba ya faɗin suna sai rago na kwance, a kawo rago. Ragon ya ga wuƙa, ko kuma mai riƙe da igiyar ya ga idon Abarshi, ya kuɓuce ya faɗa cikin geron da ya fi mutum tsawo. Samarin gari suka bi shi da ihu, su yi gabas in ya yi yamma. Ana jin su cikin ganye suna kiran juna, ga shi nan, tare can, dariya na fin ƙarfin wasunsu. Direban Alhaji ya je juya mota ya tarar da amalanke a gabanta, amalanke a bayanta, shanun kuma an kwance su an kai su ruwa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Alhaji ya daina duban agogo. Ya jingina, ya ɓare goro, ya ce wa Abarshi samarin Tsarnawa ba su iya kama rago ba, kuma ba mamaki, iyayensu ma da santsi suke kayar da mutum. Abarshi ya ce a ranar ko ɗigon ruwa ba a yi ba, kaka ce. Alhaji ya ce wata mai talla ta zubar da ruwan fura a wurin. Tsofaffin da ke gefe suka matso, kowa da abin da ya gani da idonsa, har waɗanda ba su je ba. Gardamar da ta kwanta shekaru ta tashi da ƙarfinta.

Daga ƙarshe aka kamo ragon. Liman ya yanka, ya ɗaga hannu, ya faɗi sunan. Maroƙi ya karɓe shi ya jefa cikin gida: Mumuni, Mumuni, Allah ya raya. Guɗar ta ɗan makara kafin ta fito, amma ta fito. Abarshi ya shafa fatiha, ya bar tafukansa a fuska ya daɗe fiye da kowa. Sannan liman ya shiga addu'a. Ya roƙa wa jariri, da mai jego, da takwara, da raƙuman takwara, da damina, da shugabanni, da matafiya na ƙasa da na ruwa da na sama. A kan na saman ya fi daɗewa.

A filin Ƙonni jirgin ya riga ya sauka. Farfela na juyawa tana kwantar da ciyawa. Iliyasu na gindin tsani da jaka a ƙirji, idonsa a kan hanyar da ta fito daga gari. Mushe Bubakar ma can yake kallo. Aka sauke buhun wasiƙu, aka ɗora wani. Sai ga mota ta ɓullo, fara, tana tangaɗi cikin caɓi.  Ta matso, ta matso, ta zama motar likitan dabbobi, ya kawo akwatin allurai a kai Tawa.

Baturen da ke tuƙi ya leƙo ta ƙaramar taga ya kaɗa yatsa a iska.

"Kai, in-Allah-ya-yarda," in ji Mushe Bubakar, "Allah ya yarda. Hau."

Bawa ya riƙe masa hannu a matakin farko, ya kai baki kusa da kunnensa saboda ƙara, ya gaya masa inda Alhaji yake da abin da ya tsayar da shi. Ya faɗi sunan jaririn. Iliyasu ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Ya buɗe baki zai yi magana, Mushe Bubakar ya tura shi daga baya, ƙofa ta rufe.

Kujerar na bakin taga, mai laushi, an yi ta don mutumin da ya fi shi faɗi. Ya ɗaure ɗamara yadda ya ga na kusa da shi ya yi, ya ɗora jaka a cinya. Jirgin ya yi gudu, ya yi gudu, ƙasa ta sake shi.  Sannan wani abu ya taso masa daga ƙirji, bai san dariya ce ko kuka ba, ya danne shi da jakar. Ƙonni ta koma kamar tukwanen da aka kife a rana. Gero kore har iyakar gani, jar hanya ta ratsa shi, tafkuna na walƙiya. Ya manna goshi a gilashi yana neman garinsu. Da ya gan shi ƙarami ne ƙwarai, da taro a ƙofar wani gida, da farin abu guda maƙale tsakanin amalanke biyu.

A Tsarnawa an aske jaririn an fito da shi, an ɗora wa Alhaji a cinya, ga gasasshiyar hanta a gabansa. Ƙarar ta taso daga wajen Ƙonni. Yara suka zuba a guje suna ɗaga hannu. Manya suka ɗaga kai, sannan suka tuna, suka sauke, kowa ya sami abin kallo a tabarma. Zara ce kawai ta fito har bakin zaure, abin da ba ta yi in akwai maza, ta kare ido da hannu ta bi shi har ya shige gajimare.

Alhaji ma ya bi shi da kallo. Ya ɗauki hanta ya tauna a hankali.

"Jiya na ga wani yaro a rumfar Bawa," ya ce. "Mai kama da kai. Na tambaya, aka ce ba kowa a wurin."

Abarshi ya ce idon tsufa ne.

"Da ka zo ka ce, Mumuni, bar wa ɗana kujera, da na bari. Tikitina ba ya mutuwa."

"Na sani."

"Magana ɗaya ce, Abarshi. Ka ba da sunan ubanka don kada ka faɗe ta."

Abarshi ya sauke ido. Yana kallon kan jaririn da aka aske tas, jijiya na bugawa a maɗigarsa.

Alhaji ya gyara wa yaron zane. Ya ce to, shi dai yanzu yana da ɗa a gidan nan. Alhamis mai zuwa zai biyo da sassafe ya ga takwara kafin ya wuce filin jirgi. In ya dawo daga Agadas ma nan zai fara sauka, akwai 'yar taguwa da zai zaɓo masa cikin raƙumansa. Ranakun kasuwa kuwa ba sai an faɗa ba, hanya ɗaya ce. A riƙa ajiye masa wannan wurin, jikin bango, ya fi inuwa.

Abarshi ya dubi wurin. Nan yake zama kowace safiya tun da ya gaji gidan. Ya kira Rabilu ya ce a janye amalanken, a ba motar baƙo hanya.

Alhaji ya ce ba sauri, a bar shanun su gama shan ruwa.